Ɗaukar hoton wata a kan duwatsun Bauchi da Gombe

Ɗaukar hoton wata a kan dutse wani reshe ne na hoton shimfiɗar ƙasa, inda ake haɗa wata da ƙirar dutse a hoto guda. Jihohin Bauchi da Gombe sun dace da wannan aiki, domin duwatsunsu da yawa a tsaye suke su kaɗai a tsakiyar fili, ana hango su daga nesa. Akwai Zaranda a hanyar Jos, da Mbula a Dass, da Bima kusa da Dadin Kowa, da Kilang da tsaunin Tula a yankin Kaltungo.

Tazarar wata daga duniya kimanin kilomita 384,400 ce, faɗinsa a sama kuma rabin digiri ne kawai. Shi ya sa wanda ya ɗaga waya ya ɗauka yakan tarar da ɗigon fari kamar fitilar babur daga nesa. Girman da ido ke gani lokacin fitowarsa ruɗi ne, kyamara ba ta san da shi ba. Dabarar ita ce a yi nesa da dutsen, sannan a janyo shi da dogon gilashin kyamara mai kusanto da abin nesa. Daga kilomita 1, wata yana rufe abin da faɗinsa ya kai mita 9. Daga kilomita 10 kuwa, kusan mita 90. Ke nan tsayawa a gindin dutse ɓata lokaci ne. Gilashi mai milimita 300 zuwa sama shi ne ke fara fito da tabon da ke fuskar wata.

Cikakken wata yana fitowa daga gabas daidai faɗuwar rana, don haka mai ɗauka yakan tsaya yamma da dutsen. Bima yana gabas da garin Gombe, ya dace da fitowar wata. Zaranda kuwa yana yamma da Bauchi, mutumin gari sai dai ya kama faɗuwar watan bayan sallar asuba. Kullum wata yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50, saboda haka yammacin da ya fi kyau shi ne kwana ɗaya kafin cikarsa: ya ɗan hau sama alhali hasken rana bai bar jikin dutse ba. In duhu ya riga ya shiga, ko dai wata ya ƙone ya zama fari fat, ko dutsen ya zama baƙi ƙirin.

Wurin fitowarsa ma yana sauyawa. A Disamba cikakken wata yana ɓullowa arewa da gabas, a Yuni kudu da gabas, kuma tsakanin biyun yakan kai digiri 40 zuwa sama. Wurin tsayuwar da ya yi daidai da hunturu ba zai yi da damina ba. Manhajoji irin su PhotoPills da Stellarium suna nuna wannan tun kafin a fita.

Kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ita ce lokacin da ya fi. Ruwa ya wanke iska, girgije ya ragu, ciyawar dutse ba ta gama bushewa ba. Da hunturu labari ya sha bamban: iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo yakan haɗiye wata har sai ya yi sama sosai, ya fito ja-ja ba kaifi. Wasu ma wannan launin suke nema, sai dai ƙurar tana shiga kyamara in aka canja gilashi a fili. Da bazara zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa gefen wata rawa a hoto. Damina caca ce, musamman Agusta.

Tunda hasken rana ne a jikin wata, ana saita kyamara kamar da rana: ƙa'idar da aka sani ita ce f/11 (faɗin ƙofar da haske ke shiga) da 1/100 na sakan (tsawon lokacin buɗe ta) a ISO 100 (ƙarfin karɓar haske), a ƙara haske idan yana ƙasa-ƙasa. A kafa ta bisa ƙafa uku, a shirya da wuri, domin cikin minti 2 wata yana gusawa da tsawon faɗinsa.

Jinjirin wata a wannan yanki sau da yawa a kwance yake bayyana, ƙahonninsa na kallon sama, saboda kusancin yankin da layin da ya raba duniya arewa da kudu. Ana kama shi a yamma bayan magariba, kuma sauran jikinsa yakan fito dishi-dishi da hasken da duniya ke mayar masa.