Waiwaye: Ina jami'o'in Sudan suka adana iliminsu?

Karatun zamani ya daɗe a Sudan. An buɗe Kwalejin Gordon a 1902, ita ce ta zama Jami'ar Khartum a 1956. Cibiyar Musulunci ta Afirka, wadda ta ɗebi ɗalibai daga Kano, Sakkwato da Damagaram, ta koma Jami'ar Afirka ta Duniya a 1992. Amma shekaru da dama duk abin da malamai suka bincika, da kundayen digiri, da sakamakon jarrabawa, a takarda suke cikin kabad.

A 1990 gwamnati ta ƙaddamar da abin da ta kira juyin ilimi mai zurfi, aka bubbuɗe jami'o'i a jihohi, aka mayar da koyarwa da Larabci. 'Ya'yan Hausawan Maiwurno, Gadarif da Damazin sun samu jami'a kusa da gida, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai ɗalibai sun ninka, kayan aiki ba su bi su ba.

Takunkumin Amurka na 1997 ya ƙara ɗaure ƙafa. Sayen manhaja ta halal ya yi wuya, biyan kuɗin mujallun bincike na waje ma haka, har aka sassauta a 2017. Duk da haka an yi ƙoƙari: an haɗa jami'o'i a kan hanyar sadarwa ɗaya, SudREN, wasu kuma suka buɗe rumbun kundayensu a intanet da manhajar DSpace, wadda kyauta ce.

A ganina, an fahimci shirin adana ilimi a matsayin sayen kwamfuta kawai. Babbar na'urar ajiya tana ɗaki ɗaya a harabar jami'a, makulli a aljihun ma'aikaci ɗaya, idan wuta ta ɗauke a jira janareta. Ba a cika tunanin ajiye kwafi a wani gari ba, balle a wata ƙasa. Katse intanet da aka yi na makonni a 2019 da 2021 ya isa gargaɗi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fallasa komai. An wawushe jami'o'in Khartum, ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone, a Disamban shekarar kuma yaƙin ya cimma Jami'ar Jazira a Wad Madani. Malamin da ya fito da 'yar filashi a aljihun jallabiya ya tsira da aikinsa. Ɗalibin da ya ɗauki hoton takardar shaidar karatunsa a waya tun da wuri, shi ya iya neman gurbi a Masar ko Saudiyya.

Karatu ya koma WhatsApp da Telegram, malami na aika darasi da saƙon murya, ɗalibai na biyan kuɗin awa a wurin mai Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, don saukewa. Jarrabawa kuwa a cibiyoyin wucin gadi aka riƙa rubuta ta, a Bur Sudan da Alƙahira.