'Yan Furitan na Farko a Amurka

'Yan Furitan wani rukuni ne na Kiristocin Ingila mabiya ɗariƙar Furotesta da suka bayyana a ƙarni na 16, suna neman a tsabtace Cocin Ingila daga ragowar al'adun Katolika. Mafi yawansu gyara daga ciki suka so. Wasu tsiraru kuwa suka ce cocin ya wuce gyara, suka ɓalle, a zamanin da ƙin halartar cocin sarki ke jawo tara da ɗauri. Wata jama'a daga cikinsu, mutanen ƙauyen Scrooby, ta gudu zuwa Holan a 1608, daga baya ta zauna a birnin Leiden. Ba mai hana su ibada a can, sai dai aiki ya yi nauyi, lada kaɗan, ga 'ya'yansu na tasowa da harshe da ɗabi'un baƙi. Sai suka yanke shawarar ƙetare Tekun Atilantika.

Hunturun Plymouth

Da jirage biyu aka shirya tafiyar. Ɗayan, Speedwell, ya yi ta yoyo har aka dawo sau biyu, aka haƙura da shi. Wannan jinkiri shi ne tushen wahalar da ta biyo baya. Ɗaya jirgin, Mayflower, bai bar Ingila ba sai a watan Satumba na 1620, da fasinjoji 102, waɗanda da yawansu neman arziki ya fito da su, ba addini ba. Bayan kwana 66 a teku suka isa Cape Cod a Nuwamba, arewa da bakin Kogin Hudson inda suka nufa. Tun suna cikin jirgi maza 41 suka sa hannu a yarjejeniyar mulkin kansu, aka zaɓi John Carver gwamna.

Sai a Disamba suka tsai da wurin zama a Plymouth, lokacin shuka ya wuce tuntuni, ga dusar ƙanƙara, ga babu ɗaki ko ɗaya. Mata da yara suka ci gaba da kwana a jirgi, maza na fita sassaƙar katako cikin sanyi. Ciwon huhu ya kama su, tare da cutar nan mai kumbura dasashi da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke haifarwa. William Bradford, wanda ya rubuta tarihin garin, ya ce akwai lokacin da mutum shida ko bakwai kaɗai ke da lafiyar jinyar saura. Kafin bazara kusan rabin fasinjojin sun mutu. Mata ne suka fi jin jiki: cikin matan aure 18, huɗu kacal suka ga kakar 1621. Carver ma ya rasu a Afrilu, Bradford ya gaje shi.

Taimakon 'yan ƙasa

Filin da suka tarar a share ba daji ba ne. Kufan garin Patuxet ne, wanda annoba ta cinye mutanensa tsakanin 1616 da 1619. Tun a Cape Cod baƙin sun tono masarar da 'yan ƙasa suka binne ajiya suka kwashe, ita ce ta zama irinsu. A Maris 1621 wani ɗan ƙasa mai suna Samoset ya shigo musu yana gaisuwa da Turanci, ya kawo Tisquantum, ɗan Patuxet da wani matuƙin jirgi, Thomas Hunt, ya sace a 1614 ya kai Sifen. Tisquantum ne ya koya musu shuka masara da kifi a matsayin taki, ya yi musu tafinta da Massasoit, sarkin ƙabilar Wampanoag. Massasoit ba don tausayi kawai ya ƙulla amana da su ba. Annoba ta raunana jama'arsa, yana bukatar abokai a kan maƙwabtansa Narragansett. Walimar kwana uku da aka yi bayan girbi, wadda mutanensa kimanin 90 suka halarta, ita Amurkawa ke dangantawa da bikinsu na godiya.

Yunwa ba ta ƙare nan ba. A Nuwamba jirgin Fortune ya sauke ƙarin mutum 35 ba guzuri, dole aka rage rabon abinci zuwa rabi. Ga kuma bashin attajiran Landan da suka ɗauki nauyin tafiyar, wanda aka yi ta biya da fatun dabbobi har 1648.

Massachusetts

Babbar ƙaura ta zo a 1630, lokacin da John Winthrop ya jagoranci jirage 11 da mutum kimanin 700, suka kafa Boston. Sun fi mutanen Plymouth dukiya da shiri, duk da haka kimanin 200 suka mutu kafin ƙarshen shekarar, sauran suka rayu da kifin ɓawo da 'ya'yan itacen daji har jirgin Lyon ya iso da abinci a Fabrairun 1631. Zuwa 1640 kusan mutum 20,000 sun ƙaura zuwa yankin.

Abin lura, waɗanda suka gudo don addini ba su bar wa wasu wannan 'yanci ba: an kori Roger Williams a 1635, Anne Hutchinson a 1638. Amanar da aka ƙulla da Wampanoag ma ta warware yayin da gonakin baƙi ke cin ƙasarsu, har yaƙi ya ɓarke a 1675 ƙarƙashin Metacom, ɗan Massasoit, wanda aka kashe a 1676. A 1691 aka haɗe Plymouth cikin Massachusetts.