Riyal 4,000 ɗin nan fa ba na kowa ba ne

Jiya wani ƙanena ɗan shara a Jidda ya nuna min takardar kwantiraginsa duk ta yamutse a aljihu, wai an cuce shi tunda doka ta ce mafi ƙarancin albashi riyal 4,000. Wallahi ya ban tausayi, amma ba haka abin yake ba. Wannan adadin da aka ɗaga daga 3,000 a 2020 na 'yan ƙasa ne, a tsarin Nitaƙat na tilasta wa kamfanoni ɗaukar Saudiyawa aiki, kamfani sai ya biya Basaudiye haka kafin a ƙirga masa shi cikakken ma'aikaci ɗaya. Mu baƙi abin da ka sa wa hannu shi ne haƙƙinka, in kafil, wato maigidan da ya ɗauke ka aiki, ya riƙe shi ko ya rage, to nan kake da bakin kai ƙara ofishin ƙwadago.