Fada da Kujerar Mulki: Me Dokar Cocin Katolika Ta Hana, Me Ta Bari?

A watan Mayun 2022, da Fada Hyacinth Alia, limamin Cocin Katolika, ya sayi fom ɗin takarar gwamnan Binuwai a jam'iyyar APC, Bishop William Avenya na dayosis ɗin Gboko, wato yankin cocin da yake shugabanta, ya fitar da takardar dakatar da shi. Shekara guda bayan haka aka rantsar da Alia gwamna. Tun lokacin ake ta tambayoyi biyu a teburin mai shayi: korarsa aka yi daga aikin coci? Kuma in siyasa haramun ce ga limamin coci, yaya Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ke caccakar gwamnati kusan duk Kirsimeti, coci ba ta ce masa kanzil ba?

Amsar tana cikin kundin dokokin Cocin Katolika, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya sa wa hannu a watan Janairun 1983. Ya shafi 'yan Katolika ne kawai. Faston ECWA ko COCIN ko EYN ba ruwansa da shi, kowace ɗarika da nata tsarin. Shi ya sa Rabaran Jolly Nyame ya mulki Taraba, Fasto Yemi Osinbajo ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2023, wannan doka ba ta hau kansu ba.

Sashe na 285, sakin layi na 3, shi ne mai tsauri. Ya hana limamai riƙe muƙamin da ke ɗauke da ikon hukuma: gwamna, minista, ɗan majalisa, shugaban ƙaramar hukuma da makamantansu. Sashe na 287, sakin layi na 2, ya ƙara da cewa kada su taka rawa a jam'iyyun siyasa ko shugabancin ƙungiyoyin ƙwadago. Amma a nan an bar 'yar ƙofa: sai fa idan hukumar coci ta ga cewa kare haƙƙin coci ko amfanin jama'a ya buƙaci hakan. A lura, hukumar coci ce za ta gani, ba fadan ba. Ba zai wayi gari ya ce talakawa sun matsa masa lamba, ya ba kansa izini ba. Irin wannan ƙofa kuwa ba a rubuta ta a sashen da ya yi maganar kujerar mulki ba.

Abin da masu cewa "malamin addini ya tsaya a addininsa" ba sa karantawa shi ne layin da ke saman wannan hanin. Sashe na 287 ɗin nan, sakin layinsa na farko, ya ɗora wa limamai nauyin ƙarfafa zaman lafiya da jituwa tsakanin mutane, irin wanda aka gina a kan adalci. Sashe na 747 kuma ya ce coci na da hurumin bayyana ƙa'idojin ɗabi'a har a kan tsarin zamantakewa, da faɗin matsayinta a kan al'amuran mutane idan haƙƙin ɗan Adam ko ceton rayuka ya buƙaci haka. Ke nan ba shiru aka ce su yi ba. Katin jam'iyya da kujera aka hana su, ba a ɗaure musu baki ba.

A nan Kukah ya tsaya. Saƙonsa na Kirsimetin 2020, inda ya zargi gwamnatin Buhari da fifita ɓangare guda wajen naɗe-naɗe, ya ta da ƙura sosai, har wasu suka nemi ya ba da haƙuri ko ya bar Sakkwato. Mutum na iya ganin ya yi zafin baki, wannan ra'ayi ne. Amma a ma'aunin dokar cocinsa bai ƙetare iyaka ba, domin bai tsaya takara ba, bai ɗaga tutar jam'iyya ba. Shi ɗin ne dai ke zama da Janar Abdulsalami Abubakar a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, ana tara 'yan takara su sa hannu kan yarjejeniyar zaɓe ba tashin hankali. Ɗan jam'iyya ba zai iya wannan aikin ba. Wa zai amsa gayyatarsa?

Hikimar dokar ke nan, a ganina. Ka shiga coci ranar Lahadi a Makurɗi ko Kafanchan: a benci guda ga ɗan PDP, ga ɗan APC, ga matashin da ya sha rana yana yi wa jam'iyyar Labour kamfe. Duk hannu ɗaya ne zai miƙa musu Jibin Ubangiji, wato gurasar ibada, kuma gaban mutum ɗaya za su durƙusa su furta zunubansu. Ranar da hoton wannan mutumin ya hau fosta, rabin bencin ya rasa fada. Wa zai kai sirrinsa wurin wanda zai iya zama gwamnan da ke riƙe da albashinsa?

Najeriya kuwa tata dokar daban ce. Tsarin mulkin 1999 bai hana limamin kowane addini tsayawa takara ba, don haka hukumar zaɓe ba ta da abin cewa a kan Alia. Abin da Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta hana shi ne wuri da kuma salo. Sashe na 92 ya ce ba za a yi amfani da wuraren ibada wajen kamfe ko gangami ba, ko tallata jam'iyya ko ɗan takara, ko sukarsu. Sashe na 97 ya haramta kamfe da sunan addini ko ƙabila ko ɓangaranci, da tarar da za ta iya kai naira miliyan ɗaya ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, jam'iyya kuma har naira miliyan goma. Coci da masallaci duk ɗaya ne a wannan. Wanda ya ga bidiyoyin da suka yi ta yawo a WhatsApp lokacin taƙaddamar tikitin Musulmi da Musulmi ya san yadda aka yi wa sassan nan biyu riƙon sakainar kashi, ta kowane ɓangare.

Sai batun ko an kori Alia. Ba a kore shi ba. Dakatarwa na nufin an hana shi jagorantar ibada da sauran hidimar limanci a bainar jama'a. Keɓewar da aka yi masa, wato naɗa shi limami, kuwa tana nan, domin sashe na 290 na dokar coci ya ce keɓewar da ta inganta ba ta rushewa. Shi ya sa har gobe ake kiransa Fada. Ba shi ne farau a Binuwai ba ma. Fada Moses Adasu ya yi gwamna daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, kuma a zamaninsa aka buɗe jami'ar jihar.

Akwai mataki na gaba da dakatarwa, wato a sauke mutum daga matsayin limanci ya koma cikin sauran mabiya. Shi ya faru da Fernando Lugo, tsohon bishop a ƙasar Faraguwai: an dakatar da shi a 2007 saboda takara, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2008, sannan Fafaroma Benedict na 16 ya sauke shi. Wani kuma ya zaɓi coci. Fada Robert Drinan ya shekara goma a majalisar wakilan Amurka, da umarni ya zo daga Roma a 1980, sai ya haƙura da sake takara.

Dakatarwar takan daɗe, amma ana ɗage ta. Fada Ernesto Cardenal ya karɓi ministan al'adu a gwamnatin juyin juya halin Nikaraguwa. Da John Paul na biyu ya sauka a filin jirgin Managuwa a 1983, Cardenal ya durƙusa zai gaishe shi, Fafaroma ya kaɗa masa yatsa yana yi masa faɗa a gaban kyamara. A 1984 aka dakatar da shi. Sai a watan Fabrairun 2019 Fafaroma Francis ya ɗage hukuncin, Cardenal na da shekara 94, yana kwance a gadon asibiti. A kan gadon aka rataya masa ɗamarar limanci a wuya, ya shiga jagorantar ibada a karon farko cikin fiye da shekara talatin.