Idan mai haya ya rasu a New York, wa zai ci gaba da zama a ɗakin?

Wane irin gida ake magana a kai?

Gidajen da doka ta ƙayyade yadda ake ƙara musu kuɗin haya. A birnin New York sun kai kusan miliyan ɗaya, yawancinsu a benayen da aka gina kafin 1974 masu sassa shida ko fiye. Mutanenmu na Gana da Nijar da ke Bronx da Harlem, wasunsu a irin waɗannan gidaje suke.

Mahaifina ya rasu, sunansa kaɗai ke takardar haya. Mai gida zai iya korata?

Allah ya jiƙansa. Ba zai iya ba sai ta hannun kotu. Kuma idan nan ne ainihin mazauninka, kun zauna tare shekara 2 cif kafin rasuwarsa, kana da haƙƙin a sabunta takardar da sunanka. Idan kai ɗin shekarunka 62 ne zuwa sama ko kana da naƙasa, shekara 1 ta isa. Kwanciya asibiti, karatu ko aikin soja ba sa katse lissafin.

Su wa doka ta ɗauka iyali?

Nan ne hankalina ke tashi. Ta lissafa miji da mata, 'ya'ya, iyaye, kakanni, jikoki, wa da ƙane, ya da ƙanwa, agola da wasu surukai. Ɗan wanka da ka riƙe tun yana rarrafe, wanda ba ka taɓa kiransa da komai ba sai "ɗana", ba ya cikin jerin. Kawu da gwaggo ma haka.

Amma ƙofa ba ta rufe ba. Tun hukuncin da babbar kotun jihar New York ta yanke a shari'ar Braschi a 1989, wanda ba ya cikin jerin yana iya nuna wa alƙali cewa zamansu na iyali ne: tukunya ɗaya, asusun banki ɗaya, shi ya yi jinyar mamacin, shi aka rubuta a wasiyya.

Da me zan kafa hujja?

Da takarda mai adireshin gidan: ta haraji, ta banki, ta asibiti, lasisin tuƙi. Shaidar maƙwabta tana taimakawa, amma ba ta kai takarda ba. Tun mai hayar yana raye a cike fom na DHCR, hukumar gidaje ta jihar New York, a sanar da mai gida waɗanda ke zaune tare da mai hayar.

Sammaci ya zo, yaya zan yi?

Kada ka kwashe kaya, kada ka ƙi zuwa kotu. Tun 2017 birnin ya kafa dokar ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar kora. Ka nemi naka tun ranar farko.