Kuɗin haya ba duka ne riba ba

Tun muna yara a Damagaram muke jin ana cewa wai in ka gina gidan haya shikenan ka huta, duk abin da ya shigo ƙarshen wata riba ce. Ba laifin masu faɗa ba ne, kuɗin da ke shigowa shi ake gani, wanda ke fita a hankali yake zurarewa.

A ɗauka ka kashe miliyan 10 na sefa, ɗan haya na biyan jika 50 (sefa 50,000) a wata, a shekara jika 600 kenan. To cire watannin da gidan ya zauna ba kowa, cire impo (haraji), cire kason dillali, yashe shadda, fenti, in kuma ginin ƙasa ne irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ga yaɓe da gyaran indararo kafin damina, balle ɗan hayan da ya tashi ya bar maka bashin wuta da ruwa. In jika 400 ta rage, sai shekara 25 uwar kuɗinka za ta dawo.

Gwadawa ba wuya, samu littafi ka rubuta shiga da fita na wata 12, ka raba kuɗin ginin da abin da ya rage.

Don Allah a tura wa ƴan uwa masu niyyar gini su gani.