Hazon taswira a gem ɗin dabaru na sararin samaniya

Hazon taswira tsari ne a gem ɗin dabaru na kwamfuta inda ake rufe wa mai wasa duk wajen da jiragensa basa gani. Kala biyu ne, akwai inda ba'a taɓa leƙawa ba sam, akwai kuma inda an leƙa an wuce amma yanzu ba jirgi ko na'urar hange a wajen, to abinda ka gani jiya shi taswira zata ci gaba da nuna maka ko da abokin gaba ya riga ya kafa sansani a can. Anfi jin nauyinsa a irin gem ɗin da ake kira 4X (na bincike, faɗaɗa daula, cin gajiyar albarkatu da murƙushe abokan gaba), sunan da marubuci Alan Emrich ya fara amfani da shi a 1993 da yake rubutu kan gem ɗin Master of Orion.

A Master of Orion na farko zaka fara da jiragen leƙe biyu da jirgin kai mazauna guda ɗaya tak. Taurari kana ganinsu da kalarsu, amma duniyar da ke gefen kowanne sai jirgi yaje. Man jirgi ma parsec 3 (ma'aunin nisa tsakanin taurari) kawai yake kaiwa, na leƙe su ƙara 3. Anan fa ake yin ta, ka tura jirgin mazauna yanzu bisa kalar tauraro tunda masu ruwan ɗorawa sunfi samun duniyar da za'a iya zama, ko ka jira labari ya iso kana kallon zagayen wasa yana wucewa a banza. Kuma kowane sabon mazauni yana ƙara maka nisan da jirage zasu kai, shiyasa ko duniya maras albarka ana kama ta in dai tana buɗe hanya. Mai gaggawa kuma yakan faɗa kan tauraron Orion, mai gadinsa ya cinye jirgin nan take.

Stellaris na kamfanin Paradox da ya fito a 2016 ya ɗaure abun da doka, sai jirgin kimiyya ya gama binciken tauraro kafin a gina tasha a ce nawa ne. Tun gyaran 2018 jirage na bin layuka ne tsakanin taurari, don haka wanda ya riga gano maƙurar da hanyoyi suka haɗu ya toshe ta, ya mallaki duk abinda ke bayanta ba yaƙi. Haɗarin shine ka yi ta faɗaɗawa cikin duhu har ka manne da tsohuwar daula mai ƙin maƙwabta, wadda ƙarfinta ya ninka naka nesa ba kusa ba. Gaskiya wannan fargabar ce daɗin farkon wasa, kuma da zarar taswira ta gama buɗewa da yawa sukan ji gem ɗin ya koma lissafin ma'adinai da jiragen yaƙi.